Filibus Duba-gari da Mataki na Bakwai

Ƙusa ce ta soki Baba Filibus, wata tsohuwar ƙusar kwano da ruwan sama ya kwaso ya ajiye a cikin kwatamin bayan wani gidan burodi a Makera. Ta huda takalmin roba ta shige masa tafin ƙafar hagu. Ya zare ta, ya duba, ya jefa cikin aljihu don kada ta soki wani, ya ci gaba da aikinsa. Wannan a watan Agusta ne na shekarar bara waccan. Daga baya likita ya ce ƙafar za ta tsira in an yi mata jinyar wata huɗu ba fashi, kuma jinyar wata huɗu ga ma'aikacin ƙaramar hukuma tana bukatar abu guda, wato wani babba ya sa hannu a takardar hutunsa don albashi ya ci gaba da zuwa. A kan wannan sa hannun muka sha wahala, ni da shi da matarsa.

Sunana Hadassah. Shekara goma sha tara ina aiki a ɗakin fayil na sakatariya, inda takardun kowane ma'aikaci ke kwana. Na san Baba Filibus a takarda kafin in san shi a fuska, don fayil ɗinsa ya fi na kowa kauri a sashen lafiya.

An haifi Filibus Choji a Kakuri, a wani gidan haya da ke bayan masaƙa. Mahaifinsa ya sauko daga Filato yana saurayi, zamanin da jiniyar masaƙa ke gaya wa duk unguwa ƙarfe nawa. Shi ma Filibus da ya gama sakandare can ya shiga, sashen rini, har faratansa suka koma shuɗi. Da aka fara rage ma'aikata yana cikin rukunin farko, tunda shi ne sabon zuwa. Ya yi shekara biyu yana 'yan buge-buge, yau dako gobe gini, kafin wani dattijon cocinsu ya sama masa aikin lebura a sashen tsafta na ƙaramar hukuma. Da shebur ya fara, yana kwasar shara. Yana yi yana zuwa makarantar koyon aikin lafiya, sai da ya faɗi jarrabawa sau biyu ya ci a na uku, aka ba shi kaki da hula ya zama mataimakin duba-gari. A wannan shekarar ya auri Janet, wadda ke sayar da acca da dankalin turawa a kasuwar Sabo, kuma tun da suka haifi 'yarsu ta fari kowa ke kiranta Maman Becky.

Ba zan ce muku mutum ne mai daɗin sha'ani ba, don ba shi ba ne. Yana da mita, yana da taurin kai, kuma in ya fara bayani a kan tsutsar sauro sai ka nemi hanyar gudu. Matan Makera in suka hango hularsa daga nesa sai ka ji ana kife bokitai ana jan yara. Yana leƙa randa, yana leƙa bayan gida, yana durƙusawa ya shinshina teburin mahauci. Ba ya cin abinci a unguwar da yake dubawa, gyaɗarsa da ruwansa suna cikin jaka. Akwai shekarar da ya rubuta wa cocinsu takardar gargaɗi saboda masai ya cika, ya miƙa wa fasto hannu da hannu bayan an tashi sujada. Fasto ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa, amma an yashe masan.

Abu ɗaya ne ke cin ransa, shi ne mataki. A aikinmu, daga mataki na ɗaya zuwa na shida kana hannun ƙaramar hukuma, ita ke ɗaukarka, ita ke horonka, ita ke ba ka hutu. Da ka taka na bakwai ka zama babban ma'aikaci, sai ka koma hannun wata hukuma ta jiha da ke ƙetaren gada, cikin gari. Baba Filibus ya yi shekara goma sha shida a mataki na shida. Yaran da ya koya wa riƙe littafin gargaɗi suka wuce shi, wasu har suna aikensa. Duk shekara sai ya shigo ɗakinmu ya ce ya ji ƙishin-ƙishin sunansa na cikin jerin bana, duk shekara sai jerin ya fito babu shi. Har muka sa masa suna Shida-da-rabi. Yana jin mu, ba ya dariya, ba ya kuma fushi. Sai dai ya ce mini, “Ƙanwata, ki dai riƙe mini fayil da kyau. Ranar tana nan.”

To, ƙusar nan. Sati biyu ya yi yana ɗingishi yana gasa wurin da ruwan zafi, bai gaya wa kowa ba. Sai da Maman Becky ta ga ƙafar ta kumbura har idon sawu, ta kuma ji wari, sannan ta tisa shi gaba zuwa babban asibiti. A nan aka gano yana da ciwon suga, mai yiwuwa ya yi shekaru da shi bai sani ba. Aka ba shi gado. Likita ya ce kullum za a wanke ciwon, za a yi masa allura safe da yamma, kuma kada ƙafar ta taka ƙasa.

Hutun farko bai ba mu wuya ba. Na kai takardar likita wurin daraktan ma'aikata, Malam Umar, ya karanta ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya sa hannu a kan sati shida. Ya ce in sun ƙare a kawo wata ya sabunta. Malam Umar mutumin kirki ne, kuma ina so a riƙe wannan, don abin da ya biyo baya ba mugunta ba ce daga gare shi.

Ana cikin sati na huɗu sai ga ambulan daga ƙetaren gada, jerin ƙarin girma. Ni na buɗe. Na bi sunayen da yatsa kamar yadda na saba, ban ma sa rai ba, sai ga shi a lamba ta goma sha ɗaya: Choji, Filibus, daga shida zuwa bakwai. Sai da na zauna. Ƙa'ida ita ce irin wannan takarda tana jira a ɗakinmu har mai ita ya zo da ƙafarsa, ya karɓa, ya sa hannu a fom ɗin amincewa. Da na bar ta a cikin durowa da ta jira shi har ya warke. Amma wa zai ga takardar da mutum ya yi shekara goma sha shida yana jira, ga shi kwance a asibiti, ya iya kulle ta a durowa? Na ce wannan ai ta fi allura. Ban tambayi kowa ba, na sa ta a jaka tare da fom ɗin, na tari keke.

Na same shi yana kallon silin, Maman Becky na yi masa fifita da kwalin magani. Na miƙa masa takardar. Ya nemi tabarau, ya karanta, ya sake karantawa, ya juya bayan takardar ya duba ko akwai wani abu. Sannan ya rufe fuskarsa da ita. Maman Becky ta durƙusa a gefen gado tana ta godiya ga Ubangiji cikin yarensu. Da ya natsu ya ce in ba shi biro. Na tallafa masa fom ɗin a kan faranti, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata da kyau yadda ya saba. Ya ce wa matarsa ta je ta sayo lemo a raba wa duk 'yan ɗakin, ai dole a wanke ƙarin girman, wato a yi murnarsa. Shi da ba zai iya sha ba. Marasa lafiya da masu jinya suka riƙa ce masa “Oga, kongiracileshan,” yana ɗaga musu hannu. A ranar na koma gida ina jin na yi aikin Allah. Washegari na aika fom ɗin ƙetaren gada da hannuna.

Da sati shida suka cika na kai wa Malam Umar sabuwar takardar likita. Ya buɗe fayil, ya ɗauki biro, sai ya tsaya a shafin ƙarshe.

“Hadassah, wannan fom ɗin yaushe ya sa masa hannu?”

“Sati biyu ke nan, Yallaɓai. Ni na kai masa asibiti.”

Ya ajiye biron. “Kin san abin da kika yi kuwa? Tun ranar da ya sa hannun nan ya fita daga hannuna. Ɗan mataki na bakwai ba ni ke ba shi hutu ba. In na sa hannu a nan, gobe masu bincike su zo, ni za a tambaya da wane iko.”

“To wa zai sa, Yallaɓai?”

“Su can. Ki kai musu, ai ba wani abu ba ne.”

Na ƙetare gada. Ofishin yana hawa na biyu, kuma wanda ke kula da irin wannan wani ne Mista Nicholas, mai fara'a, mai tsabtar tebur. Ya saurare ni har na gama, ya duba na'urarsa, ya girgiza kai.

“Madam, mun ga ya amince, amma bai kama aiki a sabon matakin ba. Sai ya zo da kansa mun ɗauki hotonsa da yatsunsa, ya kawo takardar likita cewa yana da ƙoshin lafiya, sannan mu buɗe masa fayil. Wanda ba shi da fayil a nan, a ina zan rubuta hutunsa?”

“Oga, mutumin yana kwance. Hutun jinya fa muke nema. Ta yaya zai kawo takardar ƙoshin lafiya?”

“Na gane, wallahi na gane. Shi ya sa nake ganin har yanzu naku ne. Ku ba shi hutun, in ya warke ya zo mu karɓe shi.”

Na koma na gaya wa Malam Umar. Ya rubuta musu wasiƙa yana neman su ba shi izini a rubuce ya sa hannu a madadinsu. Suka amsa bayan sati uku cewa ba za su iya ba da izini a kan ma'aikacin da ba su riga sun karɓa ba. Ya kai maganar gaban shugaban ƙaramar hukuma, shugaba ya rubuta a gefen takarda da koren biro cewa a bi ƙa'ida. Na je wurin 'yan ƙungiyar ma'aikata, suka ce za su sa a ajandar taro na gaba. Sau bakwai na ƙetare gadar nan a kan magana ɗaya, har mai gadin ƙofa ya daina tambayata wurin wa na zo. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya nemi in ba shi ko kwabo. Kowa sai ya ce “ayya” ya nuna mini ƙofar wani. Da ma an samu mugu guda a cikinsu da na san wanda zan tsine wa.

A wurinmu duk ƙarshen wata ana haɗa sunayen waɗanda za a biya. Wanda bai zo aiki ba, kuma babu takardar hutu mai sa hannu a fayil ɗinsa, na'ura ce ke cire shi, ba ta san babba ba, ba ta san mai jinya ba. Ƙarshen Oktoba wayar kowa ta yi ƙara ban da ta Baba Filibus.

Kwana goma bayan haka ya sallami kansa daga asibiti. Likita ya yi masa faɗa, ya sa shi ya rubuta cewa da kansa ya tafi, ya rubuta. Ya koma ɗakinsu a Makera. Wani mai kemis a layinsu, Uche, shi ke zuwa wanke ciwon, da farko kullum, daga baya ran nan a yi ran nan a bari. Allurar safe da yamma ta koma ta safe kawai. Maman Becky ta bar kasuwa rabin yini don jinya, abin da take samu ya ragu daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Matan zumunta na cocinsu sun kawo abin da suka iya, mu ma a ofis mun haɗa, amma ciwon suga ba baƙon kwana biyu ba ne. Duk ranar Asabar ina zuwa, kuma duk zuwa sai na tarar an ƙara buɗe taga saboda wari.

Bai taɓa ce mini ke kika jawo ba. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Ni kuwa na san gyaran gangar auzinawa na yi, kuma abin yana cina har na rame.

Wata Asabar cikin Nuwamba ya ce mini, “Ƙanwata, ranar Litinin ki zo da keke da sassafe. Takardar ƙoshin lafiya suke so ko? Za mu samo musu.”

Ya kamata in hana shi, ban hana ba, don ni ma na ƙosa. Na zo na same shi cikin kakinsa an goge, da hula. Ya sa Maman Becky ta rage bandejin, ta barbaɗa hoda, ya cusa ƙafar nan cikin takalmin fata. Ina tsaye ina kallo gumi na tsattsafo masa a goshi, ya ɗaure igiyar da kansa. Ya zaɓi wani ƙaramin asibiti can wajen Unguwar Boro inda ba a san shi ba. Daga bakin titi zuwa ƙofar likita bai fi taku arba'in ba, ya yi su a miƙe, ba sanda, bai yarda na riƙe shi ba.

Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar Becky ba. Ta auna jininsa, ta saurari ƙirjinsa, ta ɗauki biro. Sai ta ɗaga kai ta ɗan ja numfashi ta hanci.

“Baba, cire takalmin hagu in gani.”

“Ɗan tuntuɓe ne, likita. Ya kusa warkewa.”

“Cire dai in gani.”

Takalmin bai fita ba sai da aka yanka igiya, safar kuma ta manne. Ba zan faɗi abin da na gani ba. Likitar ta dube ni ta ce, “Ke 'yarsa ce? Yau ɗin nan ku mayar da shi babban asibiti, kada ku kai gobe.” Ya ce ya gode. A keke yana riƙe da takalmin a cinyarsa har muka iso Makera, kuma bai koma asibiti ba, don ba abin komawa da shi.

A satin ne Malam Umar ya kira ni bayan ya dawo daga sallar azahar, ya ce in tura ƙofa.

“Ban gaya miki ba, ke ma ba daga bakina kika ji ba. In ya rubuta cewa ya janye amincewarsa, ba ya son ƙarin girman, su can za su sake shi da murna, don ya zame musu ƙarfen ƙafa. Yana dawowa shida ya dawo hannuna. Ranar zan sa hannu.”

“Yallaɓai, shekara goma sha shida fa.”

“Na sani. Ƙafa kuma guda biyu ce kawai Allah ya ba shi.”

Kwana huɗu na riƙe maganar nan a cikina, na kasa kai ta. Da na kai, ya juya fuska bango ya ce in gaishe da Malam Umar. Maman Becky ta roƙe shi, ta yi kuka, ta kira fasto, amma Baba Filibus ya ce shi bai saci matakin nan ba, ba kuma roƙa ya yi ba, aikinsa ne ya ba shi. Aka ƙara cin sati guda a haka. Waɗannan kwana goma sha ɗayan, huɗu nawa bakwai nasa, har yau ina lissafa su.

Ranar da ya kira ni zazzaɓi ya riga ya kama shi. Ya ce in zauna in rubuta, shi zai faɗa. Ya faɗi wasiƙar tiryan-tiryan da Turancinsa na tsofaffin ma'aikata, yana gyara mini inda zan sa waƙafi. Da muka zo tsakiya ya ce in ƙara cewa bisa raɗin kansa ne, babu wanda ya tilasta shi. Na ce, “Baba, wannan ai ba gaskiya ba ne.” Ya ce, “Rubuta. In ba haka ba za su dawo da ita.” Ya sa hannu. Sannan ya sa aka ɗauko masa takardar ƙarin girman, wadda Maman Becky ta riga ta kai an sa mata leda don kada ta yi datti, tunda dole a haɗa da ita a mayar. Ya riƙe ta ɗan lokaci kafin ya miƙo mini.

“Ki yi mini fotokwafi kafin ki miƙa,” in ji shi.

Abin da ya gagara wata biyu da rabi, a kwana tara aka gama shi. Mista Nicholas ya karɓi wasiƙar ya ce ai wannan ya sauƙaƙa wa kowa. Amsa ta zo, Malam Umar ya sa hannu a tsaye, ya bi takardar da kansa har ofishin biya. Albashi ya shigo ana saura mako guda Kirsimeti, a ranar aka mayar da Baba Filibus asibiti. Likitan da ya yi masa faɗa a da ya buɗe ƙafar, ya rufe, bai yi faɗa ba wannan karon. Sun gwada iya ƙoƙarinsu har aka shiga sabuwar shekara. Ranar huɗu ga Janairu aka yanke ta, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Ya warke, a hankali. Ya koyi tafiya da sanduna, har ya fara mita a kan yadda masu shara ke barin bola a bakin asibiti, muka ce to Baba ya dawo. Yana ta shirin komawa aiki. Ya ce ko ba zai iya shiga lungu ba, ai zai iya zama ya karɓi rahoton yara ya koya musu abin da ba su sani ba.

Wanda ya daɗe yana jinya, sai kwamitin likitoci ya gan shi kafin ya koma bakin aiki. Aka sa masa rana cikin Afrilu. Ni na ɗauki fayil, Maman Becky ta riƙe masa jaka. Likitoci uku ne a bayan dogon tebur, babbansu wani dattijo mai furfura. Ya tambaye shi aikinsa, ya ce mataimakin duba-gari. Ya tambaye shi ko aikin na yawo ne, ya ce ƙwarai, gida-gida, shekara ashirin da bakwai. Har da ɗan alfahari ya faɗa. Dattijon yana ta buɗa shafuka, sai ya tsaya.

“Na ga an ba ka mataki na bakwai a nan.”

“An ba ni, ranka ya daɗe. Na mayar.”

“Ka mayar? Don me?”

Dattijon ya karanta wasiƙar, ya cire tabarau ya murza idonsa.

“Malam Filibus, da kana bakwai, mai kula da sashe ne kai, aikinka na tebur ne. Da sai mu rubuta cewa za ka iya, ka koma ka ƙarasa shekarunka. Amma a shida aikinka na ƙafa ne, haka yake a rubuce. Ba mu da abin da za mu rubuta sai ritaya.”

Duk cikinmu, ni da Malam Umar da shi kansa mai son ƙa'ida, babu wanda ya hango wannan. Mun shagala da ceton ƙafa, ba mu tambayi abin da zai faru in ba ta cetu ba. Na buɗe baki na fara bayani, cewa dole ce ta sa, cewa a duba kwanan wata. Dattijon ya saurare ni da haƙuri, ya ce ya yarda da ni, amma wasiƙar ta ce bisa raɗin kansa, kuma su likitoci ne, mayar da mataki ba ikonsu ba ne. Ban tambaye shi ikon wa ne ba, na riga na san hanyar.

Baba Filibus ya ce, “To.” Ya gode musu ɗaya bayan ɗaya, ya lalubi sandunansa.

Saura shekara biyar ya cika sittin. Na sake ƙetare gada sau biyu, aka ce wanda ya ƙi ƙarin girma sai ya jira zagaye na gaba, kuma wanda ake shirin yi wa ritaya ba ya shiga zagaye. Teburin da ya kamata ya zauna aka ba wani yaro da shi ya koya wa aiki. Yaron ba shi da laifi, yana ma zuwa gaishe shi.

Takardar ritayar ta iso ɗakinmu cikin Yuni, ana tsakiyar ruwa. Na ga babu dalilin da zai sa mai sanduna ya hau keke ya zo sakatariya don takarda guda, sai na kai masa. Na same shi a ƙofar gida kan benci, wandonsa na hagu an naɗe an soke da fil. Ya karɓa da hannu biyu, ya karanta har ƙasa, ya nuna mini inda suka rubuta sunan mahaifinsa ba daidai ba. Ya tambayi 'yan ofis ɗaya bayan ɗaya. Maman Becky ta kawo mini kunu, na sha don kada ta ji wani iri.

Da na tashi tafiya ta ce bari ta taka mini. Muka bi gefen kwatami muna tsallake ruwa, tana ba ni labarin tsadar acca, har muka fito bakin titi. Ta tsayar mini da keke da kanta. Na sa ƙafa ɗaya ciki ke nan sai ta riƙo hannuna, ba da ƙarfi ba.

“Hadassah, mun gode da duk wahalar da kika sha. Allah ya sani kin yi.” Ta dubi titi. “Amma don Allah, in wata takarda ta sake zuwa, ki bar ta a ofis.”

Na ce to, Mama. Mai keke ya tambaye ni ina za ni, na ce ya mayar da ni sakatariya.